Likita, da gaske ne HIV kala-kala ce, kuma ta Afirka ta Yamma daban take da ta Turawa?

TAMBAYA

Assalamu alaikum likita, sannu da ƙoƙari Allah ya saka da alheri. Ni da maigidana duka muna ɗauke da HIV, mun daɗe muna shan magani kuma alhamdulillahi lafiyarmu ƙalau. To kwanaki a wajen karɓar magani wata take ce min wai cutar nan ba iri ɗaya bace kala-kala ce, wai wadda take yawo a Afirka ta Yamma daban take da ta Turai da Amurka, kuma wai magungunan a kan ta Turawa aka gwada su shi yasa ba lallai su yi mana aiki sosai ba. Har cewa ta yi zai iya yiwuwa tawa daban ta mijina daban mu dinga shafa wa juna. Tun ranar hankalina bai kwanta ba. Don Allah gaskiya ne? Kuma ya kamata in je a gwada a gano wace kala ce a jikina? A sakaya sunana.

AMSA

Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ƙara muku lafiya ke da maigidan, ya ba ku juriyar shan maganin nan. Ki kwantar da hankalinki tukuna. Matar nan ba ƙarya ta yi miki ba a rabin farko na maganarta, HIV kam kala-kala ce, kuma duk duniya babu inda ta kai yankin Afirka ta Tsakiya da ta Yamma yawan kaloli. Inda ta kauce hanya shi ne wajen cewa maganin ba zai yi miki aiki ba. Bari in bi miki abin daga tushe, zai ɗan yi tsawo amma ki daure, don na fi son ki fahimci dalili da kanki a kan in ce miki kawai kar ki damu.

Da farko dai ƙwayar cutar ma biyu ce ba ɗaya ba. Akwai HIV-1 wadda aka gano a cibiyar Pasteur da ke Paris a 1983, ita ce ta game duniya, sannan akwai HIV-2 da aka gano a 1986 a jikin marasa lafiya 'yan Guinea-Bissau da Cape Verde, ita kuma kusan a Afirka ta Yamma ta tsaya. Dukkansu daga birai suka tsallako jikin ɗan Adam, kuma hanyar da masana suka fi gamsuwa da ita ita ce farauta da fiɗa, mutum yana yanka naman daji da rauni a hannunsa jinin dabbar ya haɗu da nasa. Kuma ba sau ɗaya aka yi wannan tsallakowar ba. HIV-1 kaɗai sau huɗu ta shigo, shi yasa take da rukuni huɗu, M da N da O da P. M da N daga birin chimfanzi na dazukan kudancin Kamaru, O da P daga gorila. HIV-2 ita kuma daga wani biri mai launin toka da ake kira mangabe, na dazukan Kodibuwa da Laberiya da Saliyo. Rukunin O bai yi nisa ba, yawanci Kamaru da maƙwabtanta, an ƙiyasta mutum wajen 100,000 ya taɓa kamawa, N 'yan tsirarun mutane ne, P kuwa da aka gano a 2009 a jikin wata 'yar Kamaru mazauniyar Faransa mutum biyu kawai aka tabbatar da shi. Duk annobar da kike ji, mutum wajen miliyan 40 da ke rayuwa da cutar yau, kusan gaba ɗaya rukunin M ne.

To me yasa take rarrabuwa haka? Ki ɗauka wani mai kwafar littafi ne da hannu, littafin harafi wajen 9,700 ne, yana da sauri sosai amma shi ba ya komawa baya ya duba abin da ya rubuta, in ya yi kuskure ya yi kenan, kuma wanda zai kwafa a bayansa daga wannan mai kuskuren zai kwafa ya ƙara nasa a kai. Haka sinadarin da ƙwayar HIV take amfani da shi wajen kwafar kanta yake, ba shi da gyara, duk bayan 'yan kwafi kaɗan sai an samu harafi ɗaya ya canza, ga shi kuma a jikin mutumin da ba ya shan magani ana iya buga sababbin ƙwayoyi har biliyan 10 a rana ɗaya. Kinga kuskure kaɗan sau biliyan 10 ai ba kaɗan bane. Sannan akwai abu na biyu da ya fi wannan muhimmanci ga tambayarki, kowace ƙwaya kwafi biyu na littafin take ɗauke da su, shi kuma mai kwafar yana cikin rubutu daga na dama sai ya tsallaka na hagu ya ci gaba, can ya sake dawowa. In kwafi biyun iri ɗaya ne ba a ganin komai. Amma in mutum ɗaya yana da kala biyu a jikinsa har suka shiga ƙwayar jini guda, to abin da zai fito gauraye ne, kansa na wannan, cikinsa na wancan, wutsiyarsa ta koma na farko.

Rukunin M ɗin nan a Kinshasa, babban birnin Kwango na yanzu, ya yi ƙarfi, lokacin ana ce mata Leopoldville. Binciken da Nuno Faria da abokan aikinsa suka fitar a 2014 ya kai asalin yaɗuwar wajen 1920, ƙwayar ta gangaro ta kogin Sangha zuwa kogin Kwango ta sauka a birnin da ke cika da 'yan ci-rani maza, ga jirgin ƙasa yana kwasar mutane zuwa garuruwan ma'adinai irin su Mbuji-Mayi da Lubumbashi, ga allurai da ake yi wa jama'a da sirinji ɗaya ba a dafa shi yadda ya kamata ba. Akwai jinin wani mutum da aka ɗiba a birnin a 1959 da wata tsokar da aka yanka a jikin wata mata a 1960, duka an samu HIV a ciki, kuma da aka gwama su sai aka ga tuni sun yi nisa da juna, alamar cutar ta shekara da dama tana yawo kafin nan. Wannan ma ya isa amsa ga masu cewa a ɗakin gwaji aka ƙera ta, a 1959 babu wani ɗan Adam da yake da ilimin ƙera ƙwayar bairos.

Daga Kinshasa ne rassa suka fita, aka ba su haruffa, A, B, C, D, F, G, H, J, K, sai L da aka tabbatar a 2019 daga wasu samfura uku na Kwango. Za ki ga babu E babu I, da akwai su, daga baya aka gane ashe gauraye ne ba reshe mai zaman kansa ba sai aka canza musu suna. Shi gauraye in aka same shi a jikin mutum uku da ba su da alaƙa da juna sai a yi masa rajista da haruffan CRF da lamba, yanzu sun haura 100 kuma kullum ƙaruwa suke.

Abin da nake so ki riƙe a nan shi ne, reshen da ya mamaye wata ƙasa ba wai don ya fi ƙarfi bane, yawanci sa'a ce kawai ta wanda ya fara isa. A kusan kashi 8 cikin 10 na kamuwa ta hanyar saduwa tsakanin mace da namiji, ƙwaya ɗaya tal ce take kafa cutar a jikin sabon mutum, to haka ma a matakin ƙasa, matafiyi ɗaya ko 'yan kaɗan ne suke kai iri, in ya faɗa cikin mutanen da ke saurin ba juna sai ya cika ko'ina. Reshen B haka ya yi, bayan Kwango ta samu 'yanci a 1960 malamai da ma'aikata 'yan Haiti da yawa sun je aiki can, B ya bi su gida, daga Haiti ya shiga New York wajen 1970, sai a 1981 likitocin Amurka suka fara ba da rahoton wata sabuwar cuta. C ya bi ta kudancin Kwango ya mamaye kudancin Afirka da Habasha da Indiya. Wani ɓangare na A da ake ce wa A6 ya cika Rasha da Yukiren ta hanyar masu yi wa kansu allurar miyagun ƙwayoyi, CRF01_AE ya kama Tailan da maƙwabtanta, A da D suna Yuganda da Kenya, F1 kuma ya shiga Romaniya inda dubban yara suka kamu a asibitoci da gidajen marayu a ƙarshen shekarun 1980 ta hanyar allura da ƙarin jini. Wani babban lissafi da Joris Hemelaar na jami'ar Oxford ya jagoranta, wanda ya fito a 2019, ya nuna tsakanin 2010 da 2015 C shi ne kashi 46.6 cikin 100 na duk masu cutar a duniya, B kashi 12.1, A kashi 10.3, CRF02_AG kashi 7.7, CRF01_AE kashi 5.3, G kashi 4.6, D kashi 2.7.

Yanzu mu zo Afirka ta Yamma da kika tambaya. Nan gauraye ne ma yake mulki ba tsantsar reshe ba. CRF02_AG, wanda haɗin A da G ne, shi ne kusan rabin masu cutar a yankin, tun daga Senegal har Kamaru, kuma samfurin farko da aka san shi da shi a Ibadan aka samo shi a shekarun 1990, da farko ma an ɗauka A ne zalla sai da aka karanta shi daga farko har ƙarshe aka ga guntayen G a ciki. Bayansa sai G, wajen kashi ɗaya cikin huɗu, kuma Najeriya ce cibiyarsa a duniya, binciken da aka yi tun wajen shekarar 2000 ya nuna ya fi yawa a arewacin ƙasar a kan kudu maso yamma. In kika hau sama wajen Burkina Faso da Mali da Nijar sai ki tarar da CRF06_cpx, shi kuma rassa huɗu ne a cikinsa, A da G da J da K. To abin bai tsaya nan ba, a Nijar an samu inda CRF02 da CRF06 ɗin suka sake haɗuwa suka haifi wani, aka sa masa CRF30_0206, wato gauraye ya auri gauraye kenan. Banda waɗannan akwai masu yawa da in aka karanta ƙwayar jikinsu ba ta dace da kowane suna ba, tsarin haɗinta a jikin mutum ɗaya kawai aka taɓa ganinsa. Kamaru da Kwango kuwa ba a magana, kusan duk harafin da na lissafa miki akwai shi a can, har da O da N. Dalilin a fili yake, inda kaloli da yawa suke zaune wuri ɗaya kuma mutane suna zirga-zirga tsakanin iyakoki, damar mutum ɗaya ya kwashi biyu ta fi yawa, kowane irin wannan mutum kuma in ba ya kan magani wajen haɗa sabon gauraye ne.

Saboda haka in HIV-1 ce a jikinki kuma a yankin nan kika same ta, mafi kusa CRF02_AG ce ko G ko wani haɗi nasu, ba B ta Turawa ba. Nan matar ta yi daidai.

Kuma ta yi daidai a wani wajen ma, wanda ni kaina yana ci min rai. Shekaru da yawa kusan duk binciken magani da na'urorin gwaji a kan B aka gina su, alhali B wajen kashi 12 ne na masu cutar, kawai don shi ne a ƙasashen da ke da kuɗi da manyan ɗakunan bincike. An ga illar haka, a farkon shekarun 1990 wasu kayan gwajin jini sun riƙa ba da sakamakon babu ga mutanen da ke ɗauke da rukunin O, na'urorin farko na ƙirga yawan ƙwayar cuta a jini kuma suna rage lissafi in ba B suka gani ba. An gyara waɗannan tuntuni, kayan gwajin yanzu an tsara su su kama HIV-1 da rassanta da O da HIV-2. Amma ba don an matsa ba da ba a gyara ba, shi yasa har gobe nake ganin dole ƙasashen yankin su riƙa karanta ƙwayoyin da ke yawo a cikinsu da kansu a kai a kai, kar a jira wani daga waje ya zo ya faɗa musu abin da ke jinin mutanensu.

Maganar magani kuma, ga inda nake so ki saki ranki. Magungunan nan ba fatar ƙwayar suke kai wa hari ba, injinan cikinta suke tsayarwa, wato sinadarin kwafi da sinadarin da ke dasa ta cikin ƙwayar halittar mutum da wanda ke yanka sassanta, su kuma waɗannan injinan ba sa jure canji da yawa, in suka canza sosai ƙwayar da kanta ta lalace, don haka kusan iri ɗaya ne a duk rassan M. Kuma ba zato ake ba, an gwada. Ƙwayar maganin da yawancin mutane ke sha yanzu guda ɗaya a rana, TLD, haɗin tenofovir da lamivudine da dolutegravir, an gwada dolutegravir ɗin a Yaounde a binciken NAMSAL da mutum sama da 600, a garin da ya fi kusan ko'ina cakuɗuwar kaloli, an kuma gwada a Johannesburg a binciken ADVANCE da mutum sama da 1,000 inda C ya fi yawa, duka sakamakon ya fito a 2019 kuma ya yi kyau, a shekarar ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce shi ne zaɓin farko ga kowa. Miliyoyin mutane a Afirka suna kansa ƙwayar cutar ta kwanta a jininsu. Ke kanki shaida ce, kin ce kun daɗe kuna sha kuna lafiya.

Akwai 'yan wurare da kalar take da tasiri, ba zan ɓoye miki ba. Reshen C ya fi saurin samun wani canji da ke rage ƙarfin tenofovir in magani ya fara gazawa. Allurar nan ta cabotegravir da rilpivirine da ake yi duk wata biyu an ga ta fi saurin gazawa a masu A6, duk da gwajin da aka yi mata a Yuganda da Kenya da Afirka ta Kudu ya yi kyau sosai. Reshen D kuma binciken Yuganda da Kenya ya nuna ya fi A saurin kai mutum ƙasa in ba a shan magani, kamar yadda a 2022 aka ba da rahoton wani nau'in B a Holan da ya fi saurin cinye garkuwar jiki, mutum 109 aka samu da shi, amma da suka hau magani sun farfaɗo kamar kowa. Kin lura duk maganar tsanani a kan wanda ba ya shan magani ne.

Wanda ya kamata a tsaya a kansa da gaske a yankin nan shi ne HIV-2, don shi bambancinsa ba na reshe bane, wata ƙwayar ce daban. An ƙiyasta mutum miliyan 1 zuwa 2 ke ɗauke da ita, ta fi yawa a Guinea-Bissau da Senegal da Gambiya da Kodibuwa da Cape Verde da Mali, ta kuma bi tsohuwar alaƙar mulkin mallaka zuwa Fotugal da Faransa da yammacin Indiya. Tana da sanyi a kan HIV-1, ba ta cika yawa a jini ba, ba ta saurin yaɗuwa, uwa ma ba ta cika ba jariri ba, kashi 1 zuwa 4 ne ko babu magani alhali HIV-1 tana kai kashi 15 zuwa 45, kuma yawanta raguwa yake yi a hankali. Wannan sanyin ne yasa da ake cewa ai ba ta da illa, wanda kuskure ne, bin diddigin da aka yi na shekaru a Guinea-Bissau ya nuna ita ma tana kai mutum ga ƙanjamau, lokacin ne kawai ya kai wajen ninki biyu. Matsalarta ita ce tun asalinta magungunan efavirenz da nevirapine ba sa taɓa ta ko kaɗan, rilpivirine ma haka, kuma shekaru da yawa su efavirenz ɗin ne ginshiƙin maganin farko a Afirka, to duk mai HIV-2 da aka ɗora a kansu ba tare da an bambance ba a zahiri magani biyu yake sha ba uku ba, a hankali su ma biyun su daina aiki. Yawancin rukunin O ma haka suke da wannan ajin maganin. Alhamdulillahi dolutegravir yana aiki a kan HIV-2 da O ɗin duka, wannan ba ƙaramin sauƙi bane ga yankin.

Bari in nuna miki yadda ruɗanin yake faruwa a teburin gwaji. Yawancin tsinkayen gwajin gaggawa layi biyu ne, ɗaya na nuna gwajin ya yi aiki ɗaya na nuna akwai cuta, ba ruwansu da ta ɗaya ce ko ta biyu. Akwai masu bambancewa, su layi uku ne, an rubuta C da 1 da 2. Sai a ɗiga jini a jira minti 15 zuwa 20, sai ka ga layin 2 ya fito ɓaro-ɓaro, layin 1 kuma ya fito dishi-dishi, ma'aikacin da ke sauri ga layin mutane a waje sai ya rubuta mutum yana da duka biyun, alhali sau da yawa HIV-2 ce kaɗai, sojojin jikin ne suke kama ɗayan layin saboda kamannin da ke tsakani. Akwai masu duka biyun da gaske, amma tabbatarwa sai da gwaji na gaba. Sannan na'urar ƙirga ƙwayar HIV-1 ba ta ganin HIV-2, tana iya cewa ba a ga komai ba alhali CD4 ɗin mutum, wato ƙwayoyin garkuwar jikinsa, sauka yake yi. Duk inda na ga haka, sakamako na cewa babu ƙwaya amma garkuwa na zubewa ko mutum na ramewa, abin da nake fara tambaya kenan, an taɓa bambance wace ce?

Sai batun ke da maigida. E, yana yiwuwa kalarku ta bambanta in ba daga juna kuka samu ba, kuma ko daga juna ne ma bayan shekaru ta jikinki da ta jikinsa sun ɗan rabu. Kuma e, mai HIV yana iya sake kamuwa da wata kalar a kan ta farko, an tabbatar da haka tun 2002, ta irin wannan haɗuwar kala biyu a jiki ɗaya ne ma duk gaurayen da na lissafa suka samo asali. Amma sai akwai ƙwaya tana yawo a jini da ruwan jiki sannan za a ba wani. Manyan bincike a kan dubban ma'aurata da ɗaya ke da cutar ɗaya babu sun nuna wanda ƙwayar jininsa ta sauka ƙasa da 200 a kowane mililita ba ya shafa wa abokin zamansa ta hanyar saduwa, ko sau ɗaya ba a samu ba. To ku kuma ku biyu ne a kan magani, shi ba shi da abin bayarwa, ke ma maganin da ke jininki katanga ne. In dai sakamakonku duka yana nuna ta kwanta, wannan fargabar ki ajiye ta. Inda za a yi hattara shi ne in ɗayanku ya daina sha ko nasa sakamakon ya hau, a nan sai a koma kwaroron roba har a gyara, don abin gudun ba harafin reshen bane, kar ya ba ki wadda ta riga ta saba da maganin da kike sha.

Wannan ita ce kalar da nake jin tsoro fiye da A ko G ko D, wadda mutum yake renonta a jikinsa da kansa. Ki tuna mai kwafar nan da kurakuransa, in magani ya cika jini ba ya samun damar rubutu sam, babu kwafi babu kuskure babu sabuwar kala. In babu magani gaba ɗaya yana rubutu amma masu jure magani ba su da wata fifiko. Tsaka-tsakin ne masifa, a sha yau a tsallake gobe da jibi, ko a raba ƙwayar magani da wani, ko a riƙa haɗa ta lokaci ɗaya da maganin ƙarin jini mai sinadarin ƙarfe ko na kalsiyam ko na gyambon ciki mai alli a kan wofin ciki, waɗanda ke riƙe dolutegravir su hana shi shiga jini sosai, sai ya zama akwai maganin da zai kashe masu rauni amma bai isa ya hana kwafi ba, mai jurewa ɗaya ta tsira ta cika wurin. Haka aka yi har ƙasashe da dama suka wayi gari sama da kashi 10 na masu fara magani tuni ƙwayarsu ba ta jin efavirenz, wanda yana cikin dalilan komawa dolutegravir. Shi ma yana da ƙarfi amma ba a ce ba ya karyewa ba, an fara ganin masu jure shi nan da can, yawanci cikin waɗanda suka sha magunguna da yawa a baya suna yi suna tsayawa.

Inda yawan kalolin nan ya fi cutar da mu duka shi ne neman allurar rigakafi. Shi rigakafi fatar ƙwayar yake koya wa jiki ya gane, fatar kuma ita ce ta fi komai canzawa, tsakanin reshe da reshe bambancin yana kai kashi 35 cikin 100, a cikin reshe ɗaya ma yana kai 20. Gwajin Tailan na 2009 da mutum sama da 16,000 ya ba da kariya kashi 31 kawai, da aka sake shi daidai da reshen C a Afirka ta Kudu bai yi aiki ba aka tsayar a 2020, wanda aka harhaɗa daga rassa daban-daban don ya game duniya shi ma aka tsayar da gwajinsa na ƙarshe a Janairun 2023, kuma duk cikin waɗannan manyan gwaje-gwajen babu wanda aka yi a Afirka ta Yamma inda gauraye ya fi yawa. Abin da ya kawo haske shi ne allurar lenacapavir ta kariya sau biyu a shekara, a gwajin 2024 a Afirka ta Kudu da Yuganda ko mace ɗaya ba ta kamu ba cikin waɗanda aka yi wa, ita ma ɗin magani ce ba rigakafi ba, wani sashe na cikin ƙwayar da ba ya yawan canzawa take kamawa.

Gwajin sanin reshe kuwa, ba kya buƙatarsa, ko an gaya miki G ce ko CRF02_AG ba abin da zai canza a maganinki, aikin masu bincike da hukumomin lafiya ne su san abin da ke yawo. Abu biyu nake so ki tambaya ranar da za ki koma asibiti. Ki ce a duba fayil ɗinki da na maigida a gaya muku HIV-1 ce ko HIV-2 ko duka biyun, in ba a taɓa bambancewa ba a yi, musamman in ɗayanku ya taɓa zama ko yana da alaƙa da ƙasashen da na ce ta fi yawa. Sannan ki tambayi sakamakon ƙirgen ƙwayar cuta na ƙarshe, lambar kanta ba wai a ce miki lafiya lau ba, ana so a riƙa yinsa aƙalla sau ɗaya a shekara. In ya haura 1,000 za a zauna da ke a duba yadda kike shan maganin a sake gwadawa bayan wata uku, in har bai sauka ba a nan ne gwajin karanta ƙwayar yake da amfani, don a ga wane magani ta daina ji a canza miki wanda zai kama ta, kuma takardar wannan gwajin a kan rubuta reshen a jikinta in kina son sani.